Maganin Ciwon da Babu Shi: Tallar Man Bilicin Daga Sabon Tasha Zuwa Kafanchan

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai Sabon Tasha ta cika ta batse. Unguwar tana bakin hanyar Kachia, a Ƙaramar Hukumar Chikun, kuma ita ce ƙofar da mutanen kudancin Kaduna ke bi in za su gida. Daga tsakiyar Nuwamba har shigowar sabuwar shekara, motocin Kachia da Zonkwa da Kwoi da Kafanchan ba sa daɗewa a layi. Kowa da bikin da ke gabansa: ga Kirsimeti, ga ɗaurin aure kusan kowace Asabar, ga bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Teloli ba sa barci, masu kitso ba sa miƙe baya. A cikin kayan da ake ɗaurewa a bayan mota, tsakanin buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa, akwai wasu ƙananan kwalaye da ba a cika tambayar abin da ke cikinsu ba. Man shafawa ne da sabulu, za a kai wa masu shaguna a garuruwan kudu.

Duk wadda ta shiga layin masu kayan kwalliya ta kasa kunne na minti goma, za ta lura da wani abu. Ba a furta kalmar "bilicin". Mai shago za ta ce, "Anti, wannan ba bilicin ba ne, tonin ne kawai." Ta kusa da ita za ta ce, "Mama, nawa oganik ne, babu kemikal ko ɗigo." Amma maganar da ta fi kowace yawo, wadda ake ji a Sabo (wato Sabon Tasha), a ji ta a kasuwar Kafanchan, a sake jin ta a waya, ita ce: "Zo ki ga wanda zai fito miki da ainihin kalarki."

Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da take faɗa wa mace shi ne, fatar da ta zo duniya da ita, wadda ta gada wurin uwarta da kakarta, ba tata ba ce. Wani rufi ne da rana da wahala suka shafa mata, ainihinta yana ƙasa, a biya kuɗi a tono shi. Mai sayar da magani yakan jira mara lafiya ya zo. Mai wannan haja kuwa sai ta fara sanya wa lafiyayyiya ciwo da baki, sannan ta miƙo mata kwalba. Nan ne laifin tallar yake, tun kafin a kai ga maganar gubar da ke cikin kwalbar.

Kada a ɗauka ina faɗa da kwalliya ne. A 1943 aka kai wa masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos wani kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono a filin haƙar kuza kusa da Jema'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doya don korar dabbobi. Daga nan duniya ta san fasahar Nok, mai sunan ƙauyen da ke ƙasar Jaba. Duk wanda ya ga hotunan waɗannan kawuna ya ga kitso da tukkaye da duwatsun wuya da aka ƙera da haƙuri, shekaru fiye da 2,000 da suka wuce. Mutanen wannan ƙasa sun san ado tun kafin a san madubin gilashi. Kakanninmu sun shafa man kaɗe da man alayyadi da man atili, sun yi wanka da sabulun salo, sun sa kwalli da lalle. Duk waɗannan ƙari suke yi a kan abin da mace take da shi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce mata ta rage wani abu daga halittarta.

Tsohuwar haja, sabon baki

Abin ba yau ya fara ba. Iyayenmu mata sun san Ambi da Satina da sabulun Tura, sun ga hotunansu a mujallu irin su Drum, inda ake nuna farar budurwa cikin kayan ofis, samari na waiwayenta. A 1976 Fela Anikulapo Kuti ya fitar da faifan Yellow Fever a kan masu bilicin na Legas. A Afirka ta Kudu, wasu tagwaye Turawa, Abe da Solly Krok, sun tara dukiya mai yawa a zamanin wariyar launin fata da sayar wa baƙaƙe man hasken fata.

Cutarwar ma ba yau aka gano ta ba. Tun a 1972 likitoci a Nairobi suka ba da rahoton ciwon ƙoda a jikin 'yan mata masu shafa man da ke ɗauke da zaiba, wato ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da 'yan boko ke kira makuri. A 1975 likitocin fata a Afirka ta Kudu suka bayyana wani baƙin tabo mai kauri da ke fitowa a kumatu da goshin waɗanda suka daɗe suna shafa sinadarin haidirokwinon. Shekara hamsin ke nan. Duk wanda ke haɗa wannan kaya a masana'anta a yau ba zai ce bai ji ba.

Yadda abubuwan ke aiki ba shi da wuyar fahimta. A cikin fata akwai ƙwayoyin da ke samar da melanin, sinadarin da ke ba ta launi, yake kuma tare mata zafin hasken rana. Haidirokwinon da zaiba suna danne aikin waɗannan ƙwayoyi ne. Fata sai ta yi haske, amma ta zama kamar ɗakin da aka yaye wa jinka. Idan aka daɗe, sai baƙin tabon nan ya fito, wanda ya fi launin farko duhu nesa ba kusa ba, kuma da wuya ya goge. Zaiba kuwa ba a fata take tsayawa ba. Tana ratsawa cikin jini, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kai ga ɗan tayi, ta bi ruwan nono. Tana maƙalewa a tawul da zanin gado, har wanda bai taɓa shafawa ba a gidan ya kwashi rabonsa.

Na uku shi ne ya fi yawa a wurinmu, shi ne kuma aka fi raina wa. Man sitiroyid ne, irin wanda ke zuwa a ɗan tub, wanda likita ke rubutawa don ƙaiƙayi ko kumburin fata, a shafa na 'yan kwanaki a daina. A kemis ake sayensa ba tare da takardar likita ba, a matse tub uku ko huɗu a cikin man shafawa, a gauraya. Yana haska fata da sauri, shi ya sa masu haɗi suke ƙaunarsa. Bayan watanni fata takan yi siriri har a riƙa hango korayen jijiyoyi, nankarwa mai faɗi ta tsattsage hannuwa da cinyoyi, ƙuraje da ƙyasbi su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. Likitocin tiyata suna kokawa da irin wannan fata, domin ba ta riƙe ɗinki yadda ya kamata, kuma mace ba ta san ranar da haihuwa za ta zo mata da aiki ba. Idan ya yi yawa a jiki yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Mugun abin shi ne, ranar da aka daina shafawa fata takan yi bore, ta yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje. Sai mace ta koma wurin wadda ta sayar mata, ita kuma ta ce, "Ai don kin daina ne." Ta haka mai saye ɗaya take zama kwastomar shekara goma.

Akwai wani adadi da kusan kowace jarida ke maimaitawa, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man hasken fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta sa shi a wata takarda da ta fitar a 2011 a kan zaiba a cikin kayan shafa, tare da kashi 59 a Togo da 35 a Afirka ta Kudu da 27 a Senegal da 25 a Mali. Ya kamata mai karatu ya san asalinsa: wani bincike ne da aka buga a 2002, wanda aka yi a tsakanin 'yan kasuwa 450 a Legas. Ba ƙidayar matan Zangon Kataf ko Kaura ba ce. Ina faɗar haka ne don adadin yana da kaifi biyu. Yana tayar da hukuma daga barci, amma kuma yana gaya wa yarinya 'yar shekara goma sha shida cewa kowa na yi, ita kaɗai ta rage. Ni kuwa na san mata da yawa a Zumuntar Mata da kasuwa da gona waɗanda man kaɗe da basilin ne iyakarsu har gobe.

Abin da ya faru a gidanmu

'Yar yayata tana karatu a Kafanchan lokacin da ƙawarta ta sa ta cikin 'yan matan amarya. Baƙa ce mai sheƙi, irin baƙin da in ta yi wanka ta shafa mai sai ka ga kamar an goge tukunyar Gwari. Aka buɗe musu zaure a WhatsApp don maganar anko da kuɗin ɗinki. Ana saura wata ɗaya biki, sai wata ta turo hoton robobi uku, sabulu da mai da wani ruwa, da sunan "haɗin amare, sati biyu". A ƙasa ga hoton wata mata kafin ta fara da bayan ta gama. Shida daga cikinsu suka haɗa kuɗi, aka aiko musu daga Kaduna a motar haya.

Biki ya yi kyau, hotuna suka fito, kowa ya yaba. Yabon ne ya sa ta sake saye. Ban gan ta ba sai bayan wata bakwai, da ta zo hutu wurina a Sabo. Fuska ta yi jajir, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin kamar ba jikin mutum ɗaya ba, a damtsenta ga nankarwa irin ta mai ciki. Tana tsoron fita da rana saboda raɗaɗi. Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, ni ba fari nake so in yi ba. So nake in fito a hoto."

Wannan amsa ta fi kowane rahoto koya mini abin da ake ciki. Ba ta tsani kanta ba, ba ta kuma raina iyayenta ba. Ta ga dai a duk hoton da aka ɗauka, waya tana haska na kusa da ita, ita kuma tana nutsewa cikin inuwa, kuma a ƙarƙashin hoton sunan farare ake kira. Muka je asibiti, likita ya duba ya ce aikin sitiroyid ne, ya hana ta tsayar da shi dare ɗaya, ya tsara mata yadda za ta janye a hankali. Robar da ta zo da ita babu suna, babu adireshi, babu jerin abin da aka zuba, sai lambar waya da hoton fure. Da muka kira lambar, matar ta rantse da Allah cewa karas ne da kurkum da zuma.

Wataƙila ma ta yarda da rantsuwarta. Yawancin masu haɗin nan ba miyagu ba ne. Tun da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, gidaje da yawa a kudancin birnin Kaduna a wuyan mata suke. Wata bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, wata ta gama digiri babu aiki, ta biya kuɗi aka koya mata haɗi a waya cikin kwana uku. Takan sayo farin ruwa a jarka da garin da ba ta san sunansa ba, ta zuba a baho ta juya da muciya. Ita ma shi take shafawa, domin fuskarta ce allon tallarta. Ina tausaya mata. Amma tausayi bai hana a faɗi gaskiya ba: wanda ya rantse a kan abin da bai sani ba, ya karɓi kuɗi a kai, ya ɗauki alhaki. A kasuwancinmu na gado, ɓoye aibin haja algus ne, kuma limamin masallaci da faston coci duk sun yi mana wa'azi a kan mudun da aka yi wa ciko. Ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya tsaya a kan mudun masara ya tsallake robar mai ba.

Manyan da suka share hanya

Ƙananan masu haɗi ba su ne suka ƙirƙiro harshen da suke talla da shi ba. Aro suka yi daga manya. A watan Oktoba na 2017 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan tallar wani man Nivea mai suna Natural Fairness, wadda aka kafa allunanta a Najeriya da Ghana da Kamaru da Senegal. Omowunmi Akinnifesi, wadda ta ci gasar sarauniyar kyau ta Najeriya a 2005, ita aka nuna tana shafa man, fatarta tana washewa a gaban idon mai kallo, daga baya wani namiji ya yaba mata. Kamfanin Beiersdorf na Jamus, mai Nivea, ya ce bai yi nufin ɓata wa kowa rai ba. A wannan watan dai Dove ta nemi afuwa a kan wani gajeren bidiyo da ta sa a Facebook, inda baƙar mace ta cire riga sai ga Baturiya a madadinta. Baƙar macen, Lola Ogunyemi, 'yar asalin Najeriya ce, kuma ta fito ta ce cikakkiyar tallar ba haka take nufi ba. Mai yiwuwa haka ne. Sai dai kamfanin Unilever da ke da Dove, mai yi wa matan Turai wa'azin su so jikinsu yadda yake, shi ne kuma ya fara sayar da Fair & Lovely a Indiya tun 1975.

A Nuwamba 2018 tauraruwar Amurka Blac Chyna ta sauka a Legas don ƙaddamar da wani man Whitenicious, kamfanin mawaƙiya Dencia, kwalba ɗaya dala 250. A 2020, bayan kisan George Floyd da zanga-zangar da ta biyo baya, manyan kamfanoni suka ji kunya. Johnson & Johnson ya daina sayar da wasu mayukansa na hasken fata, L'Oréal ya ce zai cire kalmomin fari da haske daga kwalabensa, Unilever ya mayar da Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely. Suna ya canza, abin da ake nufi yana nan. Wannan "gulo" ɗin shi ne ya gangaro har layin 'yan kwalliya na Sabo, inda yarinya za ta ce ita ba bilicin take yi ba, gulowin take yi.

Hukuma ba ta yi shiru ɗungum ba. Dokokin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sun haramta zaiba da sitiroyid a cikin kayan kwalliya, sun kuma taƙaita haidirokwinon a kashi 2 cikin 100. A Fabrairu 2023, a wani taron 'yan jarida masu rahoton lafiya a Kano, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata a kan zaiba a 2018, kuma a ƙarshen 2023 ƙasashen da ke cikinta suka yanke cewa bayan 2025 kada a sake ƙera ko shigo da kayan shafa da aka zuba wa zaiba komai ƙanƙantarta. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta bi sahu a 2016, Ruwanda ta tura jami'ai kasuwanni suna kwashewa.

Amma duk wannan farautar kwalba ce. Ana kama kwali goma, ɗari na shigowa, domin ba a taɓa abin da ke sa a nema ba. A nan ne Afirka ta Kudu ta yi abin da ya cancanci a duba. A 1990, bayan matsin lambar likitoci da masu fafutukar ƙwatar 'yancin baƙar fata, ba haidirokwinon kaɗai ta hana a kayan kwalliya ba, har da kalmar. Ta haramta wa mai tallar kayan kwalliya ya ce hajarsa tana sa fari ko haske. Ba a ce fasa-ƙwauri ya ƙare a can ba, amma an gane cewa baki ma yana da guba.

Mu ma muna da hukumar talla. A 2022 aka yi dokar da ta mayar da APCON zuwa ARCON, aka ƙara mata ƙarfi, kuma a ƙa'ida kowace talla sai an tantance ta kafin ta fita. Daga 1 ga Oktoba na shekarar ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallace-tallacen da ake yi wa 'yan Najeriya, har ta kai kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja tana neman naira biliyan 30 saboda tallace-tallacen da ba a tantance ba. Mataki ne mai kyau, sai dai cire Baturiya a sa 'yar gida wadda aka zaɓo don haskenta, aka ƙara mata haske da kwamfuta, bai canza saƙon da ke isa ga yarinyar Ungwan Boro ba. Kuma tallar da ta kama 'yar yayata ba ta taɓa bi ta teburin wani jami'i ba. A zauren anko ta shigo, da muryar ƙawa.

Nan ne wahalar take. Allon talla na bakin titi kowa ya san talla ne. Amma matar da ke TikTok tana hira da ke kamar yayarki, tana ba ki labarin yadda mijinta ya juya mata baya har Allah ya haɗa ta da wannan mai, ba ta ce miki an biya ta ba. Ba ta ce miki hoton "kafin" a inuwa aka ɗauke shi babu wanka, na "bayan" kuma a gaban fitila da filta ba. Ba za ta dawo bayan shekara biyu ta nuna miki gwiwar hannunta ba. Mafi ƙarancin abin da adalci ke nema shi ne uku: a faɗi abin da ke cikin roba, a faɗi cewa an biya mai yabo, kuma a daina nuna hoton da na'ura ta gyara da sunan aikin mai.

Ba a fata kaɗai abin ya tsaya ba. Shagon da ke sayar da man haske shi ne ke sayar da maganin ƙarin ƙiba da na hips da na mama, da shayin rage tumbi a gefe guda. Ƙwayar da ake kira "sha ka fashe" sananniya ce a Arewa. Galibi ko dai maganin mura da ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki da sa barci, ko kuma dezametazon, wanda ke tara ruwa a jiki ya kumbura fuska, mai sha ta ɗauka ƙiba ce. Siririya an ce ta ciko, mai jiki an ce ta rage, kuma aljihu ɗaya kuɗin ke shiga.

Bakinmu

Zai yi sauƙi a ɗora komai a kan kamfanoni da waya, amma mai talla ba ya shuka a kan dutse. Mu muka yi masa kaftu. Mu ne muke cewa farar mace alkyabbar mata, muke cewa fara ko mayya ce. Ranar suna, mata sukan leƙa kunnen jariri da gefen farcensa don su gano launin da zai tsaya a kai, wata ta ce, "Kayya, wannan zai rine." Yarinya tana jin wannan tun tana goye. Saurayi zai zauna a majalisa ya yi ta zagin masu bilicin, ya kira su fuska Fanta ƙafa Kok, amma in aka tambaye shi irin matar da yake so, sai ya ce fara. Mace tana shan duka biyu ke nan: an raina ta tana baƙa, an yi mata dariya da ta nemi mafita. Shi ya sa ba na jin daɗin wa'azin da ke tsayawa a kan zagin mata. Wanda ya tura mutum rami bai kamata ya fi kowa ɗaga murya a kan dattin kayansa ba.

A kudancin Kaduna abin yana da wani ɗaci na daban. Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi da sauranmu, yawancinmu baƙaƙe ne, kuma mun san tarihin sunayen raini da aka daɗe ana kiran iyayenmu da su. Mun yi tsayin daka mun dawo da sunayenmu na asali, mun ce Bajju muke ba wani suna ba, Atyap muke, Ham muke. Yana yi mini ciwo in ga a ranar bikin Afan ko na Tuk Ham, yarinya ta sha adon gargajiya tun daga kai har ƙafa, tana rawar kakanninta, alhali ta kwashe wata guda tana kankare launinsu daga jikinta.

Abin ya kai ga yara. A Maris 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida man bilicin har fatarsu ta ƙone ta yi tabo. Dalilin da ta bayar shi ne mahaifiyarta ta fi nuna so ga jikokinta farare, 'ya'yan 'yar'uwarta. Babu allon talla a wannan labari. Kaka ce da 'ya da jikoki a tsakar gida ɗaya.

'Yar yayata ta yi kusan shekara kafin fatarta ta lafa. Launinta ya dawo, har ya ɗan fi na da duhu a kumatu. Nankarwar damtsen kuwa likita ya gaya mata gaskiya cewa za ta dushe amma ba za ta tafi ba, don haka yanzu rigunan da take ba tela duk masu dogon hannu ne. A Disambar da ta wuce muka shiga kasuwar Sabo tare don sayen man kitso kafin ta hau motar Kafanchan. Muna tsaye ana ba mu canji, sai ga wata mata da goyo, ta tsaya a shagon da ke kusa, ta kwance zani ta juyo da jaririyar gaba, ta nuna wa mai shago ƙafafunta.

"Madam, akwai na yara?"

Mai shago ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da wata ƙaramar roba mai ruwan hoda. 'Yar yayata ta ajiye ledarta a hannuna, ta taka zuwa wurin matar, ta gaishe ta, ta yi wa jaririyar wasa. Sannan ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa ta ce, "Yaya, don Allah kafin ki biya, ki dubi nan."